Tambaya da Amsa: Yadda George Stubbs Ya Zana Doki Tun Daga Ƙashi

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a 'yan makonnin nan yawancinsu sun karkata ne ga mutum ɗaya, wato George Stubbs, Baturen Ingila da aka haifa a Liverpool a 1724, ya rasu a Landan a 1806, wanda har yau idan ana maganar zanen dawaki da karkara a Birtaniya sunansa ake fara ambata. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin zane ne. Na ga hoton wani doki da Stubbs ya zana, har jijiyoyin fuskarsa da na cinyarsa ana gani, kamar a taɓa shi ya motsa. Wane gwani ne ya koyar da shi, kuma wace dabara yake bi?

AMSA: Ɗan'uwa, idan malami kake nema ba za ka sami wani na kirki ba. Mahaifin Stubbs mai gyaran fata ne, a cikin fatu ya tashi, kuma zaman da ya yi a hannun wani mai zane da ake kira Hamlet Winstanley bai daɗe ba suka rabu. Abin da ya sani ya koye shi ne da kansa, kuma hanyar da ya bi ta fi kama da ta likita. Tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya zauna a birnin York yana nazarin ƙirar jikin ɗan Adam a asibiti, har ya yi zane-zanen wani littafin koyar da unguwarzoma na likita John Burton da ya fito a 1751. A 1754 ya je Italiya, inda masu zane na zamaninsa suke zuwa kwaikwayon ayyukan mutanen da, amma abin da ya shaida wa abokinsa Ozias Humphry daga baya shi ne ya je ne don ya tabbatar wa kansa cewa halitta ta fi duk wani aikin hannu.

Asalin amsar tambayarka tana wani ƙauye da ake kira Horkstow a yankin Lincolnshire. A 1756 Stubbs ya kama hayar wani gidan gona a can, nesa da maƙwabtan da wari zai dama, ya shafe wata goma sha takwas yana feɗe dawaki, ba shi da mataimaki sai abokiyar zamansa Mary Spencer. Yadda aikin yake, kamar yadda Humphry ya rubuta, shi ne a tsiyaye jinin dokin ta jijiyar wuya, sannan a ɗura narkakken kitse a cikin jijiyoyin, domin idan ya daskare su tsaya a cike kamar na mai rai, kada su shafe. Daga nan sai a rataye gawar da ƙugiyoyi a jikin wani sandan ƙarfe da ke reto daga rufin ɗaki, a ɗora kofatan a kan katako, dokin ya tsaya kamar yana takawa. Sai ya cire fata ya zana abin da ya gani, ya ɗaye tsokar da ke sama ya zana ta ƙarƙashinta, haka bi da bi har ya kai ga ƙashi. Gawa ɗaya takan kai mako shida ko bakwai a rataye, a zamanin da babu firji, babu maganin hana ruɓewa na kirki. Duk wanda ya taɓa wucewa ta kusa da mushe zai iya ƙiyasta irin juriyar da wannan aiki yake buƙata.

Da ya kawo zanen Landan, masu sassaƙa farantan ɗab'i ba su yarda su karɓi aikin ba, don haka ya yi da kansa. Akan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce zanen da tsinin allura, a zuba ruwan asid ya cinye wuraren da aka karce, sannan a cika ramukan da tawada a danna a takarda. Shekaru ya yi yana wannan da sassafe da kuma dare, rana kuwa yana zanen da ake biyansa. Littafin, mai suna The Anatomy of the Horse, wato ƙirar jikin doki, ya fito a 1766 da manyan hotuna 18: uku na ƙwarangwal, goma sha biyar na tsoka da jijiyoyi, an nuno dokin ta gefe da ta gaba da ta baya.

To, ka ga dabarar ke nan. Waɗanda suka gabace shi, irin su John Wootton da James Seymour, daga waje suke kallon doki, su zana siffarsa, shi ya sa dawakinsu sukan fito kamar an yanko su daga allo an manna. Stubbs kuwa idan ya ga haske ya faɗa a kan kafaɗar doki ya san sunan tsokar da ta tasa wurin, ya san inda ta faro da inda ta ƙare, ya san ƙashin da ke ɗauke da nauyin jiki idan ƙafa ɗaya ta tashi. Saboda haka buroshinsa ba ya kame-kame, haske da inuwa suna sauka daidai inda ƙirar jiki ta ce su sauka.

TAMBAYA: Malam, a cikin hoton dokin da ake kira Whistlejacket babu mahayi, babu ƙasa, babu itace ko sararin sama, sai fili kawai. Shin aikin ne bai gama ba?

AMSA: 'Yar'uwa, wannan gardama ta girme mu duka. Zanen na wajen 1762 ne, tsawonsa ya kusa mita uku, faɗinsa ya kusa biyu da rabi, wato dokin ya yi kusan girmansa na gaske, kuma tun 1997 yana rataye a gidan zane na National Gallery da ke Landan. Dokin ingarma ne ja mai hasken zinariya, gezarsa da wutsiyarsa sun yi fari-fari, jinin dawakin Larabawa ne, kuma a 1759 ya ci wa maigidansa, basaraken Rockingham, tseren mil huɗu a York a kan gini 2,000. Gini kuɗin zinariya ne na Ingila, kowane ɗaya sule 21.

Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne wai an yi niyyar a ɗora Sarki George na Uku a kan dokin, wani mai zane ya yi sarkin, wani kuma ya yi shimfiɗar ƙasa, sai aka fasa. Ni dai ban gamsu da cewa aiki ne da aka bari a rabi ba, kuma dalilina biyu ne. Na farko, a wannan shekarar Stubbs ya yi wa basaraken nan wasu zane-zane da su ma babu komai a bayansu, ciki har da jerin goɗiyoyi da 'ya'yansu, ga shi kuwa an biya shi an rataye su a haka. Na biyu, ki dubi ƙarƙashin kofatan baya, za ki ga 'yar inuwa kaɗan da ya sa. Wannan 'yar inuwa ita ce take gaya wa ido cewa akwai ƙasa, akwai nauyi, dokin da ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ba shawagi yake yi ba. Wanda yake jiran wani ya zo ya cika masa bango ba shi da dalilin yin wannan.

Akwai kuma abin da rashin bangon yake tona mana game da tsarin aikinsa, wato dabba yake fara kammalawa, itatuwa da rafi su biyo baya. A jerin goɗiyoyin nan, inda babu abin da zai ɗauke hankali, ana ganin yadda yake auna tazara tsakanin kai da kai, da yadda layin gadon baya yake hawa yana sauka daga wannan goɗiya zuwa waccan, ƙafafu kuma suna jere kamar an kaɗa musu kiɗa suna takawa. Idan kika matso kusa da Whistlejacket za ki tarar cewa gashin jiki an bi shi da ƙananan shafe-shafe masu bin kwanciyar tsoka, wutsiya da geza kuwa an sake hannu an ja su da sauri. Daga nesa ne duka suke haɗuwa su zama doki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mahayi ne, na san sukuwa. Dawakin da ke tsere a zanen mutumin nan sun miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, duka huɗu a sama. Doki ba ya gudu haka. Ina sanin ƙirar jikin da ake ta yabo?

AMSA: Malam, gaskiyarka, kuma babu abin karewa a nan. A sukuwa akwai lokacin da ƙafafu huɗu suke barin ƙasa, amma a lokacin a tattare suke ƙarƙashin ciki. Idon ɗan Adam ba ya iya kama wannan, kuma ba a tabbatar da shi ba sai a 1878, da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto ta Amurka ya ɗauki doki yana gudu, shekara 72 bayan rasuwar Stubbs. Gawar da ke rataye tana koyar da inda tsoka take, ba ta koyar da yadda ƙafafu suke bin juna a guje, don haka a nan ya bi al'adar da ya tarar kamar kowa.

Abin lura shi ne ya san inda ƙarfinsa yake. A zanen dokin Gimcrack na wajen 1765, wanda aka sayar a Landan a 2011 a kan fam miliyan 22.4, dokin ya fito sau biyu a hoto ɗaya: can nesa, ƙarami, yana cin tsere da irin miƙewar da ka kushe, nan kusa kuma yana tsaye ana goge masa jiki, kuma a kan na tsayen ya zuba duk gwanintarsa. Wanda ya fi burge ni shi ne na Hambletonian, da ya yi yana da shekara 75. Dokin ya ci wani mummunan tsere da abokin karawarsa Diamond a filin tseren dawaki na Newmarket a 1799, da ƙyar, bayan an sha bulala da ƙaimi. Stubbs bai zana cin nasarar ba, ya zana abin da ya biyo bayanta: doki a gajiye, kunnuwa a kwance, baki a buɗe, yana ɗaga ƙafa don ƙosawa, yaron barga yana goge shi da tsumma, wani kuma yana riƙe da linzami. Mai dokin, Sir Henry Vane-Tempest, ya ƙi biyan gini 300 na aikin, sai da aka je kotu a 1801 Stubbs ya yi nasara.

TAMBAYA: Malam, wane irin fenti ya yi amfani da shi? Na ji an ce har a kan tangaran ya yi zane.

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa, kuma a nan ne labarinsa ya haɗa nasara da asara. A shekarun 1760, lokacin da ya yi ayyukansa mafiya shahara, fentin mai yake shafawa a kan ƙyalle mai kauri, kamar sauran abokan sana'arsa. A wancan zamani garin launi ake niƙawa da man da ke bushewa, a ɗaure a 'yan jakunkunan mafitsarar dabba, domin bututun fenti da ake matsawa bai fito ba sai 1841. Fari daga dalma ake samunsa, ja da rawaya da ruwan ƙasa yawanci daga ƙasa. Stubbs ba mai lafta fenti ba ne. Yana shimfiɗa shi siriri, sumul, shafi a kan shafi, yadda na ƙasa zai riƙa leƙowa ta cikin na sama, kuma da haka ake samun ƙyallin nan na jikin dokin da ya sha kiwo.

Sai dai fentin mai yana duhu, yana tsagewa idan ya tsufa, shi kuwa yana son abin da ba zai canza ba. Wannan ne ya kai shi ga fentin da ake gasawa, irin wanda ake yi wa kwanon tangaran, wato garin gilashi mai launi da ake shafawa a sa a tanderu ya narke ya manne. Kafin shi ƙananan hotuna ake yi da wannan, irin na maƙalawa a wuya ko murfin akwatin taba, shi kuma ya so ya yi manya. Wahalar ita ce launin da ka shafa ba shi ne zai fito daga wuta ba, kuma kowane launi da zafin da yake narkewa, saboda haka sai da ya yi ta gwaje-gwajen haɗa magunguna kafin ya sami launukan da za su jure wuta tare. Na farko da aka sani ya yi shi ne a 1769 a kan jan ƙarfe, hoton zaki ya haye doki, yana gidan zane na Tate yanzu.

Jan ƙarfe kuwa idan ya yi faɗi yana lanƙwashewa a wuta. Sai ya nemi Josiah Wedgwood, shahararren mai masana'antar tangaran a Staffordshire, ya gasa masa faifan yumɓu masu faɗi. Wedgwood ya sha fama shekaru, faifan suna fashewa ko su karkace a tanderu, kafin a sami masu kyau, waɗanda manyansu suka kusa mita guda, yawanci masu siffar ƙwai. A 1780 Stubbs ya zauna watanni a gidan Wedgwood da ke Etruria, har ya zana iyalinsa. Ta fuskar ɗorewa ya cimma burinsa, domin waɗannan faifai launinsu yana nan garau bayan fiye da shekara ɗari biyu. Ta fuskar kasuwa kuwa bai ji da daɗi ba. Masu saye sun ga abin ya yi musu santsi da sanyi, da yawa suna ɗakinsa har ya rasu, kuma rashin jituwarsa da Royal Academy, babbar ƙungiyar masu zane ta Landan, wadda ta zaɓe shi cikakken mamba a 1781 amma bai miƙa zanen da ake buƙata don tabbatar da kujerar ba, ana danganta shi da yadda aka wulaƙanta waɗannan ayyuka wajen rataye su a baje koli.

Gwaji na uku shi ne ya fi yin ɓarna. Daga shekarun 1770 ya koma yin zane a kan allon katako, yana gauraya fentinsa da kakin zuma da ƙaron itacen fir da maiƙon da ba ya bushewa, da alama don ya sami santsi irin na gasasshen fenti. Irin wannan haɗi yana narkewa a cikin ruwan maganin da ake wanke tsofaffin zane da shi, don haka masu gyara na baya da ba su san abin da ke ciki ba sun wanke wasu ayyukansa har da fentin. Idan ka ga zanen Stubbs na wannan lokaci ya yi kamar ya koɗe, sau da yawa hannun mai wanki ne ya bi ta kansa.

TAMBAYA: Malam, manoman da ke cikin hotunansa na karkara sun yi tsaf, mata da huluna masu ado, babu gumi babu ƙura. Haka ake girbi a Ingila?

AMSA: A'a, 'yar'uwa, babu inda ake girbi haka. Kina maganar zane biyu na 1785 da ke Tate, ɗaya na masu loda busasshiyar ciyawa a amalanke, ɗaya na masu yankan alkama da lauje, mai gona yana kan doki yana duba su. Stubbs ya jera mutanen ne kamar yadda yake jera goɗiyoyinsa, wannan a tsaye, wannan a sunkuye, sandunan manjagara da cokulan ɗiban ciyawa suna ja wa ido layi zuwa saman lodi. Motsin kowane hannu daidai yake da aikin da ake yi, wannan kam ya lura da shi sosai, amma tsabtar tufafin ta masu sayen zane ce, waɗanda su ne masu gonakin, kuma ba su son a rataye musu talauci a falo. A ganina wannan aibi ne na gaske a ayyukan, ko da yake fuskokin ba na zolaya ba ne, ya ba kowane lebura kamanninsa da mutuncinsa, kamar yadda yake yi wa yaran barga.

Shimfiɗar ƙasa a wurinsa mai hidima ce ga dabba. Itace yakan tsaya inda zai daidaita nauyin hoto, sararin Newmarket kuma yakan bar shi fayau da 'yan gine-gine kaɗan. A jerin hotunan zaki da doki, da ya yi ta maimaitawa kusan shekara talatin, duwatsun da ke baya na Creswell Crags ne, wani kwazazzabo a iyakar Nottinghamshire da Derbyshire, inda ba shakka babu zaki a zamaninsa.

TAMBAYA: Malam, ban da doki, ya zana namun daji? A ina ya gan su?

AMSA: Ya zana da yawa, ɗan'uwa, domin a lokacin jiragen ruwa suna kawo wa sarakuna da attajiran Ingila dabbobi daga nesa, likitoci masu bincike irin su William Hunter da ƙanensa John Hunter kuma suna son a ajiye musu siffarsu daidai. Ya zana jakin dawan Sarauniya Charlotte a 1763, kowane zane na jikinsa a inda yake, sai dai ya tsayar da shi a cikin kurmin Ingila mai duhu, abin da yake ba mai kallo dariya kaɗan. Ya zana karkanda, ya zana birai, ya zana rabbi tare da Indiyawa biyu masu kula da shi. Duk waɗannan ya gan su da rai. Ko a tsufansa bai daina fiɗa ba, domin a 1795 ya fara wani littafin da ke kwatanta jikin mutum da na damisar Asiya da na kaza, ajali ya riske shi bai gama ba.

Inda aka gwada shi da gaske shi ne a 1772, da Joseph Banks, masanin tsirrai da ya raka Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa mai binciken ƙasashe, tafiyarsa ta farko, ya ba shi aikin zana dabbobi biyu na Ostireliya da bai taɓa gani ba. Na kangaru an kawo masa fata da 'yan zane-zanen da aka yi a hanya, aka cika fatar ta tashi ya duba, sai dabbar ta fito kusa da gaskiya, ko da yake kan ya yi ƙanƙanta, ya ɗan yi kama da na ɓera. Na karen dajin da ake kira dingo kuwa ko fata babu, sai bayanin baki, kuma abin da ya fito ya fi kama da yanyawa. Duka biyun, da kakin zuma ya yi su a kan katako, suna gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich a Landan tun 2013.